Barka da Sallah daga Landan

Laraba, 10 ga Afrilu, 2024

Assalamu alaikum Inna. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadunmu. A gaida Baba da Yaya Babba da yara duka. Na sauko daga Idi, sai shinkafa na dafa, ni kaɗai, ina tuna tuwonki da miyar taushe.

Kin tambaye ni a waya wai su wane ne maƙwabtana. Yahudawa ne, Inna, masu riƙo da addininsu sosai. Unguwarmu, Stamford Hill, cike take da su. Mu mun gama namu, su yanzu suka shiga hidima. Jinjirin watan da ya kawo mana Shawwal shi ne nasu na Nisan, kuma daren 22 ga Afrilu za su fara Idin Ƙetarewa, wanda suke kira Pesak, na tuna fitar Annabi Musa da mutanensa daga Masar. Kwana 8 suke yi a nan, a Isra'ila kwana 7.

Da kin ga shara! Duk tsawon idin ba a yarda a bar ko ɓarɓashin burodi a gida ba. Matar maigidan da nake haya a wurinsa har aljihun rigunan yara take zazzagewa, jiya kuma na tarar da mijin ya fito da kujerun mota yana kakkaɓewa. Abin da ya rage sai a ƙone shi da safe kafin idi. Wata busasshiyar gurasa marar yisti suke ci, matsa, wadda daga zuba ruwa a gari zuwa gasawa ba ta wuce minti 18. Bara ya ba ni na yi buɗa-baki da ita. Gaskiya gurasar Kano ta fi ta nesa ba kusa ba, amma ban faɗa masa ba.

Bara idin nasu cikin azumi ya faɗo, bana kuwa sai bayan Sallah. Na tambayi maigidan dalili, ya ce su ma wata suke bi, sai dai sau 7 cikin shekara 19 sukan ƙara wata na 13 don kada idin ya bar bazara. Bana sun ƙara.

Asabar ta ƙarshe kafin idin suna ce mata Babbar Asabar, ranar malaminsu ke doguwar huɗuba kan dokokin Pesak. Kowace Asabar dai ba sa kunna wuta, daga faɗuwar ranar Juma'a. Wani dare dattijon ya tsaya a ƙofata yana ta cewa ɗakinsu da duhu. Na ce Allah sarki, na rufe ƙofa. Sai daga baya na gane so yake in je in danna makunni, roƙon ne ba zai yi kai tsaye ba. Har yau yana yi min dariya.

Na turo goron Sallah ta hannun Yaya Babba, a raba wa yara, kada a manta da Gwaggo. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Auta