Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Soja

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya kuma sanyin garinku? Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka da kyau.

Saƙonka ya iso. Ka ce kana son shiga ROTC, wato horon hafsoshin sojan ƙasa da ake haɗawa da karatun jami'a a can Amurka. Ban hana ka ba. Tsohuwar hanya ce, tun 1916 doka ta kafa ta, kuma ta nan sojan ƙasar Amurka ke samun hafsoshi fiye da ta kowace ƙofa. Colin Powell, wanda iyayensa baƙi ne daga Jamaika, ta nan ya fito a 1958. Abin da nake so ka riƙe shi ne: shiga ajinsu daban, sa hannu a kwantiraginsu daban. Na farko ɗanɗano ne, na biyu ɗaurin shekara takwas.

Shekara biyun farko, muddin ba ka karɓi tallafin karatunsu ba, darasi ne kamar sauran darussa. Ka yi rajista, ka je aji, ka fita motsa jiki da sassafe, galibi sau uku a mako wajen ƙarfe shida, ga atisayen yamma sau ɗaya a mako, ga kwanan daji na ƙarshen mako sau ɗaya a zango. In ka ga ba za ka iya ba, ka ajiye, ba wanda zai bi ka bashi. To ka fara da wannan a zango mai zuwa. Ka sha sanyin asuba na wata huɗu tukuna, ka ga yadda makinka ya kasance, sannan mu yi maganar kuɗi.

Kuɗin kam akwai shi. Wanda ya sami tallafin, ana biya masa kuɗin makaranta, ko kuma na ɗaki da abinci, ɗaya zai zaɓa. Ana ba shi dala 1,200 a shekara na littattafai. Duk wanda ya sa hannu yana karɓar alawus na dala 420 a wata a lokacin karatu. Sai dai kowace dala da igiyarta. Wanda ya ci tallafi, in aka tura shi aikin soja na cikakken lokaci, shekara huɗu zai yi, sauran huɗun yana cikin jerin 'yan ko-ta-kwana. Wanda bai ci ba, ya sa hannu a farkon shekara ta uku, uku zai yi kafin sauran. In kuwa aka kore ka bayan sa hannu, ko kai ka janye, ɗayan biyu ne: ka maido da kuɗin da aka kashe maka, ko ka biya da aiki a matsayin ƙaramin soja mara igiya. Kuma ba kai ke zaɓa ba, su ke zaɓa. Yaro ya shiga da niyyar hafsa ya ƙare da bashin dubban daloli, ba digiri ba muƙami, wannan ita ce faɗuwar da nake guje maka.

Abin da ya fi kayar da yara kuwa ba gudu ba ne, karatu ne. Ba a ba ka muƙami sai da digiri a hannu. Matsakaicin maki 2.5 cikin 4.0 ake nema kafin a duba ka a tallafi, kuma in ka sauka ƙasa da 2.0 ka shiga matsala. Akwai wata takarda mai lamba 104-R, inda za ka jera duk darussan da za ka ɗauka zango bayan zango har ranar gamawa, mai ba ka shawara a sashenku ya sa hannu. Kada ka cika ta da gaggawa. Kai da kake karatun injiniya, darussanku sarƙa ne, wani sai ka ci wani. Ka faɗi lissafi ɗaya, ranar gamawarka ta matsa da zango guda, lissafin soja duka ya rikice. Kuma a ƙarshe ana jera ɗaliban ƙasar baki ɗaya, daga na ɗaya har na ƙarshe, bisa makin makaranta, gwajin ƙarfi, sakamakon sansani da shaidar kwamandanku. Matsayinka a wannan jeri yana da nauyi wajen ko za ka sami aikin cikakken lokaci, da kuma sashen da za a ba ka. Mai son sashen injiniyoyi ko sadarwa da ya yi wasa da makin shekarar farko, sai ya karɓi abin da aka miƙa masa. Yaron da ke tashi biyar da rabi ba ya kaiwa ɗayan dare yana hira. Goma ta yi, ka kwanta.

Sai lafiya. Hukumar da ke tantance wannan ita ce DoDMERB, kuma ba ta sauri. Ka fara da wuri, don takarda ɗaya da ta ɓace tana iya cin watanni. Ciwon asma bayan mutum ya cika shekara 13, tiyata a gwiwa ko kafaɗa, wasu magungunan da aka daɗe ana sha, duk suna iya tsayar da mutum, ko da yake ana neman sassauci kuma wasu na samu. Ka faɗi gaskiya. Yanzu suna iya ganin tarihin asibitinka a kwamfuta, kuma wanda aka kama ya ɓoye ya fi mai ciwon shiga uku. Ka kuma san rukunin jininka. Cutar sikila tana hana shiga. Mai AS ba a hana shi, amma shi ne wanda gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ke iya kayarwa farat ɗaya. Mu da wannan jini ya yawaita a cikinmu bai kamata mu yi sakaci da shi ba.

Gwajin ƙarfi bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Gudun mil biyu ne ya fi ba sababbi wuya, wato kilomita uku da ɗan ɗoriya. Ka fara yanzu, sau uku a mako, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Masu ɗebo shi gaba ɗaya a makon farko su ke ƙarewa da ciwon ƙwauri.

Babban gwajin yana hutun bazara tsakanin shekara ta uku da ta huɗu, a Fort Knox da ke jihar Kentaki, sama da wata guda cikin zafi mai gumi. A nan abu biyu ke tona asirin mutum: ƙafa da taswira. Takalmin soja sabo ba a zuwa da shi sansani. Ka saya tun da watanni, ka taka shi har ya san ƙafarka, ka tanadi safa mai kauri wadda ba ta auduga ba, domin auduga na riƙe gumi, gumi kuma shi ke kawo bororo. Jakar da ake goyawa kilo 16 ce zuwa sama; kaya masu nauyi a sama kusa da baya ake sa su, a ɗaure ɗamarar ƙugu, in ba haka ba kafaɗa ce za ta ɗauki komai. Taswira kuwa, za a sake ka a daji kai kaɗai da kamfas, dare da rana, ka nemo wasu alamomi. Ka auna mita 100 a fili, ka ƙirga sau nawa ƙafarka ta hagu ke taka ƙasa. Yawancin mutane tsakanin 60 da 70 ne. Ka haddace naka. Kuma arewar kamfas ba ita ce arewar taswira ba, akwai 'yar tazara da aka rubuta a gindin taswirar. Wanda ya manta bai gyara ba, tafiyar kilomita ɗaya ta isa ya wuce alamarsa bai gan ta ba.

Yanzu abin da ya shafe ka kai musamman. Hafsa dole ya zama ɗan ƙasa, wannan ka cika tunda can aka haife ka. Amma za a yi maka binciken amana, da wata doguwar takarda, SF-86, mai tambayar inda ka zauna shekara goma baya, tafiye-tafiyenka, da danginka na ƙasashen waje. Ka rubuta mu duka, da duk zuwan da ka yi gida. Za a tambaye ka fasfon Najeriya, kuma ana iya neman ka nuna a shirye kake ka rabu da shi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, kada ka amsa ta a tsaye a ofis. Wiwi kuma, ko jiharku ta halatta, soja bai halatta ba, gwajin fitsari ɗaya ya gama da mutum. Na san tarbiyyarka, abokan zama nake ji.

Addininka ka bayyana shi tun ranar farko, ba sai azumi ya zo ba. Akwai abincin daji na halal, amma sai an nema da wuri. Maganar Juma'a da motsa jiki a Ramadan, ka sami shugabanninku da ita cikin ladabi tun da sauran lokaci. Dokar gemu an sassauta ta a 2017, amma abu ne mai canzawa da canjin shugabanni, don haka duk izinin da aka ba ka, a ba ka shi a rubuce.

Wanda ya fi duka nauyi na bar shi ƙarshe. Ranar da ka gama za a ɗora maka mutum talatin zuwa arba'in, wasunsu sun girme ka, sajanka ya fi ka sanin aiki nesa ba kusa ba. Kuma soja ba ya zaɓar inda za a kai shi. Har 2024 akwai sojojin Amurka a Agadez, nan maƙwabtanmu. Ka zauna kai kaɗai ka tambayi zuciyarka ko za ka iya ɗaukar umarni zuwa ƙasar da ake kiran salla, ake kuma magana da irin harshen kakanninka. Ka yi istihara. Amsar taka ce, amma ina so ka same ta kafin rantsuwa.

In ka je ofishinsu, ka roƙi kwafen kwantiragin wanda ba a cika ba, ka ɗauki hoton kowane shafi ka turo min, musamman shafin da ya yi maganar kora da biyan kuɗi. Za mu karanta tare ta waya ranar Lahadi bayan la'asar ɗinmu. Mahaifiyarka ban gaya mata komai ba tukuna, gara ta ji daga bakinka.

Allah ya yi maka albarka, ya zaɓa maka mafi alheri.

Mahaifinka