Godiya ga Baba mai gyaran keke na Fagge da yaran shagonsa

Assalamu alaikum Baba,

Na san ba ku son a yi ta yabonku a gaban mutane. Ranar da na zo karɓar keken nan, ina fara godiya kuka katse ni, kuka ce in hau in zagayo tukuna. To na zagayo. Wata uku ke nan ina zagayawa, kuma yaba kyauta tukuici ne, shi ya sa na ga ya kamata jama'a su ji irin aikin da ake yi a shagonku.

A wurin masu kekunan gwanjo na tsinci keken, an jingine shi can ƙarshen layi, duk ƙura, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Tambarin kan zalɓen nan na Raleigh ne ya tsayar da ni, don irinsa ne a goshin baƙin Ralin da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana zuwa kasuwa da shi. Amma wannan siriri ne, na tsere, da hannu ɗaya na ɗaga shi. Sai da na hau na gane yana da ciwo: ina sakin hannu sai ya ja hagu, sandar sirdin kuma ta cije, ba ta sama ba ta ƙasa. Mai gyaran da na fara kai wa guduma ya ɗauko, har yana ba ni shawarar a yi masa waldar kariya a baya ko ya yi amfani wajen ɗaukar kaya. Na karɓe abina. Wani dattijo da ke zaune a wurin ne ya yi mini kwatancen shagonku.

Abin da kuka fara yi har yanzu yana idona. Ba ku taɓa sifana ba. Kuka goge ƙurar da ke ƙarƙashin sirdi da babban yatsa, lamba 531 ta bayyana a jikin wata 'yar takarda, sannan kuka ƙwanƙwasa bututun da farce, a bakinsa da kuma a tsakiya, kuka ce in saurara. Ƙarar ta bambanta. Kuka ce tsakiyar ba ta da kauri, wutar walda na taɓa ta za ta huje, wannan ƙarfe da tagulla aka haɗa gaɓoɓinsa, sai an lallaɓa shi. Da na koma gida na bincika, na tarar maganarku ce daidai. Kamfanin Reynolds na Birmingham a Ingila ya fito da wannan ƙarfe mai lamba 531 a 1935, dabarar yin bututu mai kauri a baki da sirantaka a tsakiya kuwa tun 1897 suka yi rajistarta. Kaurin tsakiyar bai kai milimita ɗaya ba. Ku da farce kuka gane.

Sandar sirdin kwana biyar ta ɗauka. Kullum safe yaronku ya ɗiga mata mai ya ajiye, ni ina ta gaggawa, ku kuna cewa a bar mai ya yi aikinsa. Rana ta shida aka kama ta a matsi, aka juya firam ɗin a hankali, ta saki ba tare da ko kwarzane ba. Karkatar kuma da zare kuka gano ta. Kuka ɗaura shi a mazaunin tayar baya, kuka zagayo da shi ta wuyan keken zuwa ɗaya ɓangaren, kuka auna tazarar hagu da dama. Da itace da ƙarfin hannu kuka miƙe shi, kaɗan-kaɗan, a danna a auna, a sake dannawa. Wannan na daga cikin abin da ya sa ƙarfe ya shiga raina: in ya karkace yana karɓar gyara. Firam ɗin alminiyam ko na kabon ba a yi masa haka.

Ko a kan taya kun tsare mini kuɗina. Na sayo mai lamba 700, kuka duba gargaren kuka ce na inci 27 ne, akwai bambancin milimita 8 a tsakaninsu, in mayar kafin a ɓata ta. Da kanku kuka aika aka nemo wadda ta dace.

Sai tafiya. Lahadin farko bayan sallar asuba na kama hanyar Wudil. Inda kwalta ta farfashe, wurin da keken alminiyam ɗina na da yake girgiza ni har tafin hannuna ya mutu, wannan sai na ji yana shanye duka. Na sunkuya na kalli ƙafar gaba, ina ganin bakinta mai lanƙwasa yana ɗan rawa yana haɗiye ramukan. In na miƙe tsaye a kan feda, akwai wata 'yar tankwasa da yake yi ya dawo, kamar yana mayar mini da ƙarfin da na ba shi. Ba ya ƙara, sai sautin firiwil da iska. Na saki hannu a gangaren gada, ya tafi ɗoɗar. Na yarda shawarar da kuka ba ni ta rage wa taya iska kaɗan ta taimaka, amma rabin daɗin daga ƙarfen yake.

Ba zan ɓoye nakasunsa ba. Ya kai kilo goma, alhali na 'yan tseren yau ana barinsu su sauka har kilo 6.8. Giya goma ce kawai, kuma sai na saki hannu ɗaya na kai ƙasa jikin bututu kafin in sauya, in lalubo daidai da kunne. Birkin ma in ruwa ya sauka sai an fara kamawa tun da nisa. Duk da haka, tsohon doki mai sane ne. A kan keken ƙarfe na Raleigh Joop Zoetemelk ɗan ƙasar Holan ya ci gasar Tour de France a 1980. A Italiya kuwa, tun 1997 ake wani taro mai suna L'Eroica a garin Gaiole, inda dubban mutane ke hawa kekunan da aka ƙera daga 1987 zuwa baya a kan hanyoyin burji. Nawa zai shiga wannan sahu ba tare da an sauya masa komai ba, tunda kun hana a taɓa fentinsa na asali, kun bar masa lebar giyarsa da fedarsa mai maɗauri.

Ga 'yan'uwa masu irin waɗannan kekuna a jibge a soro ko bayan ɗaki, don Allah kada ku miƙa wa 'yan gwangwan a auna a kilo. Ku nemi mai gyaran da zai ƙwanƙwasa ya saurara kafin ya ɗauki guduma.

Baba, kuɗin da kuka karɓa bai kai wahalar mako gudan da kuka sha ba, na ƙara kuka mayar mini. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa yaranku albarka su gaji wannan hannu. Ranar Asabar in sha Allahu zan kawo shi a duba sifok ɗin baya, kamar yadda kuka ce in yi bayan wata uku.

Ɗanku,
mai siririn Rali, daga Kano