Tunawa da aminina na kwalejin horon malamai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka in yi ta'aziyyar wani bawan Allah da muka yi kwalejin horon malamai tare a nan Katsina, wanda Allah Ya yi ma rasuwa kwanan nan bayan ya sha jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mu 'yan zamanin UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna dan ba a yanke mamu tamu jihar ba sai 1987. Yara sun fito makil fiye da yadda aka yi tsammani, malamai kuma ba su isa ba, shi ya sa aka riƙa ɗibarmu daga firamare ana kai mu kwalejin malamai shekara biyar mu fito da takardar Giredi Tu. Nan muka haɗu da shi, ɗaki guda, gadonshi na sama nawa na ƙasa.

Shi dai mutumin nan tun muna yara malanta a jininshi take. Da yawanmu gaskiya mun shiga ne saboda nan aka tura mu, ga abinci kyauta ga ɗan alawus, amma shi da zuciya ɗaya ya shiga. Ban san haka sosai ba sai da aka tura mu koyon koyarwa wani ƙauye a hanyar Jibiya. Makarantar aji ukku ce, allon duk ya koɗe ya yi fari ko ka yi rubutu da alli yara ba su gani, to shi ne ranar Asabar ya nemo gawayi ya daka ya haɗa da ɗanyen ganye ya bi allunan nan yana gogawa har sai da suka yi baƙi ƙirin, hannunshi kwana da kwanaki bai wanku ba. Lissafi kuwa da murafun kwalba da tsinken kara yake koyar da shi, ya yanka kwali ya yi agogo mai hannu biyu yana juyawa yara suna faɗin lokaci, kuma da dare muna hira shi yana gaban fitilar ƙwai yana rubuta lesin not, wato tsarin darasi, na gobe. Da ya ga iyaye suna ɓoye 'ya'yansu saboda tsoron boko bai yi gardama da kowa ba, zauren liman ya riƙa zuwa bayan magariba yana ɗaukar karatun Ishmawi, a hankali sai ga liman da kanshi ya kamo hannun ɗanshi ya kawo aji ɗaya.

Bayan mun gama kowa ya kama gabanshi, wasu suka wuce jami'a wasu suka faɗa siyasa ko kasuwa, shi ya zauna a aji. Da aka ce NCE, takardar kwalejin ilimi da ke gaba da Giredi Tu, ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa ya koma ya yi karatunta lokacin hutun makaranta, ya dawo firamare ɗin dai, har ya yi hedimasta ya yi ritaya. Ni a ganina da aka rufe kwalejojin nan aka maida su sakandare an yi babbar asara, domin a can ne ake ɗaukar yaro tun yana ɗanye a koya mashi yadda ake tsayawa gaban aji, kuma Katsina ce ta fi kowa sanin darajar wannan tunda kwalejin da aka buɗe a nan a 1922 ita ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna.

Abin da ya sa na rubuto, ranar jana'izarshi ɗalibanshi sun zo da yawa, har da manyan ma'aikata, amma mu 'yan ajinshi ba mu taka kara mun karya ba, wasu ma na tabbata har yanzu ba su ji ba. Ya bar mata da 'ya'ya, ƙananan cikinsu suna makaranta. Dan Allah duk wanda muka yi zamani tare ya ga wannan takarda ya yi cigiya a cikin 'yan'uwa, mu haɗu mu je mu gaida iyalin, wanda Allah Ya hore mawa ya ɗauki nauyin karatun ko yaro ɗaya ne.

Allah Ya jiƙanshi Ya gafarta mashi, Ya ba iyalinshi haƙuri, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, amin.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.