Wasiƙa zuwa Zangon Kumasi

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya damina? Shirunka ya yi yawa har 'yan majalisa suna cewa sakwara ta mantar da kai tuwo. Sai ga saƙonka kana tambayar yadda za ka haɗa 'yan dakon zangonku su bar taba. Wato sai da buƙata ta taso!

To, kada ka fara da wa'azi. Ɗan dako ya gaji da jin an ce masa ɗan iska, in ka ƙara masa ba zai dawo ba. Nemi liman mai sanyin baki da dattijon da suke jin maganarsa, a zauna inda suka saba zama, ba a ofis ba. Mutum 8 zuwa 10 sun isa. A tsayar da rana ɗaya ta daina taba cikin mako biyu masu zuwa, kowa a haɗa shi da abokin da zai kira ko da tsakar dare.

Ka faɗa musu gaskiya tun farko: kwana na 2 da na 3 sun fi zafi, ga saurin fushi, ciwon kai, yunwa da rashin barci, sannan ya yi ta sauƙi cikin mako 2 zuwa 4. Kwaɗayin in ya taso 'yan mintoci yake yi ya lafa. Asuwaki a baki, ruwa, a tashi a yi alwala, ya wuce.

Inda aka fi faɗuwa wurin mai shayi ne. Hayaƙin taba yana sa hanta ta narkar da sinadarin kafeyin, mai hana barci da ke cikin shayi da goro, da sauri. Da an daina, kofi ɗaya sai ya yi aikin kusan biyu: zuciya na bugawa, ido ya bushe, mutum ya ɗauka rashin taba ne ya koma. A rage shayi da goro zuwa rabi. Kai da goro ba ya barin bakinka, ban san da wane ido za ka faɗi wannan ba.

Sai mai tebur, mai ba da kara ɗaya bashi. A nan Najeriya dokar 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ka dai san yadda ake bin ta. Ku same shi a mutunce ya daina ba 'yan ƙungiya bashi. Kuɗin tabar kullum kuwa a zuba adashe, a kwasa duk Juma'a a gaban kowa.

Mai hali ya sayi cingam ɗin nikotin, sinadarin taba mai sa kwaɗayinta, a kyamis: miligiram 4 ga wanda ke kunna ta farko cikin minti 30 da farkawa, sauran mutane kuma miligiram 2. A tauna har a ji yaji, a ajiye a kumatu. Mai tauna shi ba tsayawa shaƙuwa da tashin zuciya zai samu. Ba shayi ba lemo minti 15 kafin nan. Mai ciwon zuciya ya ga likita tukuna. Kuma kada wani ya ce ya koma taba gari ko shisha, nikotin ɗin dai yana nan.

Wanda ya zame kada a ci shi tara, ɓoyewa zai koya. A tambaye shi ina ne, da wa, a sake sa rana.

Af, mutuminka na bakin kasuwa ya ƙara aure, ya sayar da babur ɗin nan da kuka sha faɗa a kai. Hajiya kuma tana tambayar atamfarta.

Naka har kullum.