Babana, kan muryar da ka tura a gurup

Salamu alaikum Babana, ya karatu, ya zafin Yamai? Mu nan Damagaram lafiya lau, sai ruwan pampo da ya sake ɗaukewa kwana uku.

Ƙanwarka ce ta kunna mini muryar da ka tura a gurup ɗinku na WhatsApp kan yarinyar nan ta bayan gidanmu da aka yi wa fyaɗe, inda kake cewa wai mace in ta rufe jikinta ba mai taɓa ta. Sau biyu na sa ta maimaita don ban yarda bakinka ba ne. Yarinyar nan da hijabi har ƙasa take tallan gyaɗa, kai ma ka san ta, a gabanka aka yi sunanta, to me ta buɗe? Kuma ko da ba ɗankwali ta fito, wa ya ba ƙaton nan izinin jan ta kango?

Ni na ga inda irin maganar nan take kai mutane. A 1992 da ruwa ya yi jinkiri a garin nan, samari suka ce shigar mata ce ta hana damina, suka bi mata da duka a titi, ina budurwa lokacin, kakarka ta hana mu ko leƙa Kasuwar Dole, kuma duk cikinsu ban ji wanda ya ce bari ya duba nashi zunubin ba.

Kar ka ce ina wasa da sutura, ka san ƙannenka ba mai fita gidan nan ba hijabi, umarnin Allah ne. Amma buɗe Suratun Nur, aya ta 30 da maza aka fara, ku runtse ido ku tsare kanku, sannan ta 31 ta zo kan mata. Kuma a hajjin bankwana da Fadlu ɗan Abbas ya tsaya kallon matar da ta zo tambaya, fuskar Fadlu Manzon Allah (SAW) ya juya. Ku a fada kuna shan shayi kun haddace ayar mata kun tsallake taku.

Abin da ya fi ci mini rai, irin bakin nan naku ne ya sa uwar yarinyar ta so rufe zancen don kar a ce ƴarta ta lalace. Da kyar muka lallashe ta aka kai yarinyar likita kafin awa 72 ta cika, don bayan nan maganin kariya daga sida, wato ƙanjamau, ba ya aiki, daga can babanku ya raka su kwamisariya wajen ƴan sanda. Shi mai laifin har da masu zuwa roƙo a rufa mishi asiri, ita kuwa ko ƙofar gida ta kasa fita.

Ka goge muryar nan yau, ka tura wata ka gyara a gaban waɗanda suka ji ta farko, yayan yarinyar ma yana cikin gurup ɗin in ba ka sani ba. Ka kira ni bayan isha'i. Allah ya yi maka albarka.

Innarka