Mutumina, aiki ya kai ni asibiti

Salamu alaikum, ya Legas, ya madam da yara? Na ga kiranka har sau uku ban ɗaga ba, kar ka ce wulaƙanci ne, wallahi ranar ina kan benci a asibiti. Sati biyu kaina na sara ga rashin barci, nas ta auna ni sau biyu ta ce 160 kan 100, hawan jini. Ni da ko arba'in ban kai ba.

Ka san mu huɗu ne a ofis lokacin da ka zo, to biyu sun ajiye aiki tun bara kuma ba a ɗau kowa ba, nasu aka jibga mana ni da ɗan Zariyan nan, albashi yana nan inda ka bar shi. Amma duk wannan bai ci min rai kamar wayar oga ba. Sha ɗayan dare saƙo zai shigo WhatsApp wai yana son lissafi kafin takwas na safe, in ya ga ka karanta ba ka amsa ba, gobe a gaban kowa zai dizga ka har yaran bautar ƙasa suna ji. Yanzu ko wayar maman yara ce ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ga kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da 200 sai da ta haura 1,000, kullum daga Rigasa zuwa Ahmadu Bello Way a nan Kaduna, kafin 20 ga wata aljihu ya bushe, kuma ka makara minti goma a yanke maka.

Af, mai shayinmu na Tudun Wada ya ƙara aure! Ya ce bashinka na indomi yana nan a littafi, kai da ka zama ɗan Ikko har da tumbi, na gani a hoto ai.

Baba cewa yake in yi haƙuri, tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe aiki ya zama gwal a garin nan, kuma shi ya ga abin da idonsa, ba zan musa masa ba. Na dai fara kashe data ƙarfe tara, shekaranjiya sai ga kiran oga kai tsaye ina tsaka da ba auta magani. Na ɗaga.

In ka ji ana neman akanta a wajenku ka taɓa ni don Allah, da gaske nake. Alhamis zan koma awo.

Naka na kullum.