Ƙaramin injin walda na inbata: a yi hattara da lambar da ke jikin kwali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida saboda matasa da magidanta da ke sayen ƙaramin injin waldan nan na inbata, wanda nauyinsa bai wuce kilo 3 zuwa 5 ba, ana rataya shi a kafaɗa. Injin yana aiki, kuma ya isa gyaran ƙyauren gida, ƙafar tanki, kejin kaji da ƙarfen taga. Abin da ya dame mu shi ne mai saye yakan koma gida da kwali da ilektirod, wato sandar walda, guda biyar, babu wanda ya yi masa bayanin komai. Kwana biyu sai a ji ana cewa injin jabu ne, alhali sau da yawa wayar gida ce ko saitin wuta.

Mu fara da lambar da aka buga ɓaro-ɓaro a jikin kwali, amfiya 250 ko 300, wato yawan wutar da aka ce injin na fitarwa. A yi lissafi. Soket ɗin gida mai fiyus na amfiya 13 a kan wuta mai bolt 230 yana bayar da wajen wat 3,000 ne kawai. Walda a kan amfiya 250 kuwa tana cin wajen wat 7,500 a bakin ilektirod, ban da abin da injin ke ɓatarwa ya zama zafi. Ke nan ƙaramin inji mai filogin gida ba zai taɓa fitar da wannan wuta ba. Galibin masu araha suna tsayawa ne tsakanin 120 zuwa 140, ko da allon gabansu ya nuna 250. Wannan ya wadatar da aikin gida, amma yana nufin kada a dogara da allon. A gwada a kan guntun ƙarfe, a sa alama a jikin maɓallin inda wutar ta zauna daidai.

Mai koyo ya sayi ilektirod mai lamba 6013, shi ne mai saurin kamawa, ɓawon da yake bari a kan ɗinki kuma yana fita cikin sauƙi. Mai kaurin milimita 2.5, wanda a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka za a ce maka geji 12, yana son amfiya 60 zuwa 90. Mai 3.2, wato geji 10, yana son 90 zuwa 130, kuma shi ne kan ƙona fiyus ko ya narka soket, domin a nan injin na iya jan sama da amfiya 20 daga bango. A bar mai lamba 7018 tukuna: yana da wuyar tayarwa a ƙananan injuna, kuma da zarar ya sha laima ɗinkinsa ya lalace.

Wayoyin da ke zuwa da injin su ne babban rauninsa. Yawanci gajeru ne, kuma alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki to shi ne. Irin wannan tana zafi, tana karyewa a gindin mariƙin ilektirod. A musanya da ta jan ƙarfe zalla mai kaurin murabba'in milimita 16, mita 3 zuwa 5. Maƙalar da ake kamawa a jikin aikin ma a sauya ta da mai ƙarfin baki, a kuma goge tsatsa da fenti a inda za ta kama har ƙarfen ya yi ƙyalli. Rabin kukan da ake yi cewa ilektirod na maƙalewa daga nan yake. Idan sai an ja wuta daga nesa, wayar ta kasance mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ko fiye, a warware ta gaba ɗaya, domin a naɗe tana tara zafi. Siririyar wayar caji da fanka ba ta wannan aiki ba ce.

Sai batun janareta, wanda a nan ake kashe injuna da yawa. Ƙaramin nan mai cin fetur haɗe da baƙin mai bai kai wat 1,000 ba, ko kusa ba zai ɗauka ba. Ana bukatar mai kVA 5 zuwa sama, mai na'urar daidaita wuta. Dalili kuwa, duk lokacin da aka ɗaga ilektirod nauyi ya sauka farat ɗaya, wutar janareta marar daidaito takan yi tsalle, wannan tsallen ke fasa taransistocin da ke cikin injin. A tayar da janareta ya daidaita kafin a kunna inji, a kashe inji kafin a kashe janareta. In wutar NEPA ta zo da rauni, ƙwai yana ja-ja, a haƙura da walda a ranar.

Wajen aikin kansa, a fara koyo a kan falen ƙarfe mai kaurin milimita 4 ko 5, a kwance a kan tebur. A karta bakin ilektirod kamar ana ƙyasta ashana, da ya kama a ɗaga kaɗan. Tazarar da ke tsakaninsa da ƙarfen kada ta wuce kaurin shi kansa ilektirod ɗin. A ɗan kwantar da shi zuwa ɓangaren da hannu ya nufa, kamar digiri 15, a riƙa jansa a hankali, ana sauke hannu yayin da yake cinyewa. Kallon narkakken ƙarfen ake yi, ba hasken ba. Ɗinkin da ya tashi tsololo kamar igiya a saman ƙarfe yana nuna wuta ta yi kaɗan ko hannu ya yi sauri. Tartsatsi mai yawa da zaizayar gefen ɗinki, wuta ta yi yawa ko an ɗaga hannu da nisa. Ƙananan ramuka kuwa tsatsa ce, ko fenti, ko ilektirod mai laima, abin da ke yawaita da damina. A ajiye su cikin bututun roba mai murfi.

Bututun murabba'i na milimita 1 zuwa 1.2 da ake yin ƙofa da shi yana ɓulewa nan take in aka ja ɗinki dogo. A rage wuta zuwa wajen 50 ko 60, a riƙa ɗigawa ana ɗagawa, kowane ɗigo ya hau rabin na baya, a jira jan ya dushe kafin na gaba. A kuma ɗiɗɗiga kusurwoyi huɗu, a auna da sukwaya, kafin a cike, don zafi yana jan ƙarfe ya karkace.

Idan fitilar zafi ta kama injin ya daina ba da wuta, kada a kashe shi. A bar fankarsa ta yi ta juyawa har fitilar ta mutu. Ana auna juriyar waɗannan injuna ne a kan minti 10: kashi 30 na nufin minti 3 na aiki, 7 na hutu. Fankar nan kuma tana zuƙar ƙurar hunturu da garin ƙarfe, shi kuwa garin ƙarfe yana haɗa wuta a kan allon ciki. Kada a yi gurza kusa da inji, kada a ajiye shi a ƙasa cikin yashi. In za a buɗe a hure, a zare filogi a jira mintuna, domin akwai sassan da ke riƙe wuta bayan an kashe.

Abin da ya fi ta da mana hankali shi ne ido. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda. Ana bukatar garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11. Ƙunar hasken ba ta bayyana sai bayan wasu sa'o'i, mutum ya farka cikin dare kamar an zuba masa yashi a ido. A je asibiti, kada a ɗiga abin da wani ya ce. A kori yara daga wurin, su ne ke tsayawa kallo. A sa safar hannu ta fata da rigar auduga mai dogon hannu, domin ta leda tana narkewa a jiki. Ba a walda da silifas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bututun ruwa mai farin shafi na zinki yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, sai an goge shafin kuma a yi aikin a fili. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko ya shekara a bushe, mai koyo kada ya kusance shi da wuta.

Roƙonmu ga masu shaguna shi ne su riƙa faɗa wa mai saye ainihin ƙarfin injin, su kuma nuna masa garkuwar fuska da waya mai kyau tun kafin ya biya kuɗi.

Mun gode.

Wasu masu sana'ar walda,
Kaduna